Kwando Mai Ƙishirwa

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Litinin, Sufeto bai ko ajiye hularsa ba Saje ya leƙo ofis yana danne dariya.

"Yallaɓai, an bugo rahoton sata."

"Me aka sace?"

"Kwando."

Sufeto ya dube shi ta saman tabarau. Mutum ne da ba a yi masa wasa kafin ya sha shayi, kuma duk caji ofis ɗin an san da haka.

"Kwando da me a ciki?"

"Laka, yallaɓai. Wai shekararsa dubu bakwai. Matar da ta bugo ta ce ita farfesa ce, kuma in ba mu je yanzu ba, kwamishina za ta kira."

Kafin a samo mai, a tura motar ta tashi, a bi hanyar nan mai ramuka har bayan gari, tara ta wuce da minti ashirin.

Wurin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun kafin a san ana rubuta tarihi. An kewaye shi da waya, an kafa tantuna uku, an tona ramuka masu kusurwa huɗu, kowanne an ja masa farar igiya. A bakin ƙofa wata gajerar mata take tsaye, shekarunta za su kai sittin, laka har gwiwar takalminta na roba. Ita ce Farfesa. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Awa ɗaya da rabi! Da gawa ce ai da ta fara wari."

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Nuna min wurin."

Tana tafe tana bayani, shi kuma yana bin ta da ɗan littafinsa. A wasu wuraren, in ji ta, dutse da fasassun tukwane kawai ake samu, don itace da ciyawa ruɓewa suke yi. Nan kuwa baƙar lakar ta shaƙe komai, iska ba ta shiga. Sun samu turakun bukkoki a tsaye, da murhu da tokarsa, da ƙayar kifin da aka ci aka zubar. Makon jiya suka samu kwando, saƙaƙƙe, cike da ƙwayoyin hatsi.

"In aka gwada aka ga hatsin nan shuka shi aka yi, to mutanen nan sun yi noma tun kafin lokacin da littattafai suke faɗa. Shekara ashirin da biyu ina tonon wurin nan, Sufeto. Ban ɗebi ko ƙwaya ɗaya don gwaji ba, yau muka shirya ɗaga shi."

Ta miƙa masa hoto. Sufeto ya ɗauka zai ga tarkace, sai ya ga kwando sak, bakinsa an naɗe shi da kyau, har da wurin da mai saƙar ta yi kuskure ta gyara. Irinsa kakarsa take zuba zare a ciki. Haka kawai ya ji tsigar jikinsa ta tashi, dariyar da ya taho da ita daga ofis ta bi iska.

"Yanzu in ba a same shi yau ba fa?"

"Ya mutu. Abin da laka ta riƙe, iska da rana kashe shi suke yi. In an naɗe shi da jiƙaƙƙen soso a inuwa, zai yi awa huɗu kafin a sake fesa masa ruwa. Da dare sanyi yana taimakonsa. In rana ta same shi kuwa, rabin awa ya isa ya tsattsage ya zama gari."

Suka tsaya a bakin rami na uku. Sufeto ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. A tsakiyar ramin an yanke laka an cire, murabba'i cif, gefunan sumul kamar an yanka sabulu. Babu sawun fartanya, babu ɓurɓushi. A tsakiyar gurbin an kafa wata sabuwar ƙusa.

"Wannan ƙusar ta mece ce?"

Farfesa ta leƙa gurbin. "Ƙa'idar aikinmu ce. Ba a ɗaga abu sai an kafa ƙusa a gurbinsa, don a san zurfin da yake."

"Ke kika kafa ta?"

"A'a."

"Ban da kwandon, me ya ɓata?"

"Katako guda, da soso, da kwalbar feshi." Ta kawar da kai. "Ɓarayin gari ne, Sufeto. Sun ji labari a rediyo."

"Ɓarayin gari masu kafa ƙusa? Haba, ranki ya daɗe. Mutum nawa ne a nan suka iya irin wannan yankan?"

Idonta a kan igiyar ramin ta ce, "Uku. Ni, da Dakta mataimakina, da Mai Cokali, shugaban masu tono. Amma ba mai yi min haka a cikinsu. Mai Cokali tare muka fara aikin nan. Dakta kuwa ɗan wana ne, a hannuna ya tashi tun yana shekara shida."

Sufeto ya rubuta. Ya san ta ga abin da ya gani tun kafin ya zo, ta dai ƙi yarda da idonta ne. Ya ce wa Saje a rufe ƙofa, kada kowa ya fita.

Maigadi aka fara kira. Dogo ne siriri, yana tsaye a gaban 'yar rumfarsa yana murza hula.

"Jiya Lahadi ba aiki. Ina kake?"

"Nan, ranka ya daɗe. Wallahi ban matsa ko nan da can ba."

"Ko fitsari?"

"To, ban da wannan."

Saje, wanda idonsa ba ya barin aljihun mutane, ya sa yatsu biyu ya zaro wani kati da ya leƙo daga rigar Maigadi.

"Katin shiga asibiti, yallaɓai. Kwanan watan da ke jiki na jiya ne."

Nan take gumi ya karyo wa bawan Allah. "An yi wa mai ɗakina aiki ne. Daga biyu zuwa huɗu kawai na yi. Don Allah kada Farfesa ta ji, 'ya'ya biyar gare ni."

"Wa ya san za ka fita?"

"Ban faɗa wa kowa ba. Sai dai ranar Asabar na roƙi Farfesa izini a tantin cin abinci, ta hana, ta ce in bari sai Litinin. Na ce mata biyu zuwa huɗu ne kawai lokacin dubiya."

"Su wa ke wurin?"

"Dakta da Mai Cokali."

"Jiya wani ya shigo kafin ka fita?"

"Mai Cokali ya zo da tsakar rana. Ya ɗan daɗe a rami na uku, ya tafi."

"Yau da safe fa, kafin mu zo, wa ya fita?"

"Su biyun duka, wajen takwas da rabi. Mai Cokali ya ce zai kewaya. Dakta ya ce zai nemi sabis na waya ya kira ma'aikatar da ke kula da aikin."

A tantin kayan aiki suka sami Mai Cokali zaune a kan bokiti. Dattijo ne mai furfura, cokalin magina a soke a ƙugunsa, bakin cokalin ya cinye saboda aiki. Shi ya koya wa duk masu digirin wurin yadda ake riƙe cokali, alhali sunansa kawai ya iya rubutawa.

"Baba, jiya ina ka wuni?"

"Gida, yallaɓai. Ko ƙofa ban leƙa ba."

"Maigadi ya ce ya gan ka a rami na uku."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Na zo."

"To me ya sa ka yi min ƙarya da furfurarka?"

"Tsoro, yallaɓai. In abu ya ɓata tsakanin mai digiri da mai cokali, ai ka san wanda ake fara kullewa."

Sufeto bai musa ba, don ya sha gani. "Me ka zo yi?"

"Dubo kwandon na zo. Yana cikin ƙasa a rufe, ba ya bukatar komai, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Na ɗaga tamfol na gan shi, na mayar." Ya ɗago ido. "Yallaɓai, akwai abin da ya tsaya min a rai. Dubi jarkar can."

Farar jarka ce a kusurwa, an ja mata layuka da baƙin maka.

"Wannan tataccen ruwa ne, daga gari ake kawo shi. Sauran itatuwa ruwan famfo muke ba su. Shi kwandon wannan kaɗai yake sha, don ruwan famfo yana da gishiri, zai ɓata gwajin hatsin. Kullum da safe ina jan layi in san abin da ya rage. Yau ƙarfe bakwai na ja, kafin a ɗaga tamfol a ga abin da ya faru. To duba."

Ruwan ya sauka ƙasan layin da faɗin yatsu biyu.

Sufeto ya miƙe tsaye a hankali. Kai! Ashe kwandon yana raye. Wani ya cika kwalba a nan da safen nan, ana tsakiyar ihun sata, ya kai masa. Kuma ga famfo a waje wanda ba mai lura da shi, amma hannunsa ya ƙi yarda ya ba kwandon ruwan da bai dace ba.

"Baba, ka san wannan maganar tana iya juyowa kanka? Kai ma ka fita takwas da rabi."

"Na sani. Ta juyo. A dai same shi."

Dakta yana tantin ofis a gaban kwamfuta. Shekarunsa kamar arba'in, fes da shi, farcensa a yanke. Ya tashi ya ba Sufeto kujera, har da tambayar ko a kawo ruwan sanyi.

"Jiya ina kake, Dakta?"

"A ɗakina, gidan da muka kama haya. Rahoton wata nake rubutawa tun safe har yamma."

"Akwai wanda ya gan ka?"

"Wa zai gan ni? Ƙofa na kulle."

"Wa ya gano kwandon nan?"

"Farfesa ce shugabar aiki."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya yi wani guntun murmushi. "Ni na fara ganin bakinsa, ranar Talata. Kwana uku ina kwance rub da ciki da burushi. Amma a aikinmu ba a cewa wane ya gano. Sunan shugaba ake sawa."

"Wa kake zargi?"

"Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Sai dai Mai Cokali zai ajiye aiki ƙarshen wata, kuma akwai masu sayen irin waɗannan abubuwa. Ban ce shi ba ne."

"Da safe ka fita neman sabis?"

"Ƙwarai. Nan ba ya kamawa."

Saje ya ɗaga tasa wayar. "Tawa a cike take, yallaɓai."

"Layinmu ba ɗaya ba ne," in ji Dakta, ko ƙifta ido bai yi ba.

Sufeto ya rufe littafi. Zuciyarsa ta karkata ga Dakta, amma zuciya ba hujja ba ce a gaban alƙali, kuma ko ya kama mutum yanzu, in ya rufe baki kwandon ya tafi ke nan.

Ya tura Saje da kuratan 'yan sanda biyu da suka zo tare. Suka birkice tantuna, suka buɗe but ɗin kowace mota, suka je gidan haya suka leƙa ƙarƙashin gadaje da banɗaki, suka bi ta gidan Mai Cokali har rumbun kaji. Sha ɗaya da rabi suka dawo, gumi sharkaf.

"Babu, yallaɓai. Bayan waya kuma gonaki ne da kangaye iya ganinka. Ko kwana uku muka yi ba za mu gama ba."

Sufeto ya yi lissafi. An ba kwandon ruwa takwas da rabi. Awa huɗu ta kama sha biyu da rabi. Saura awa ɗaya ke nan, ga rana tana ta ƙara zafi.

"Tara min su uku a tantin cin abinci. Karɓe wayoyinsu."

Suka zauna a dogon benci, Farfesa a tsakiya. Sufeto ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, ya ja kujera ya zauna yana fuskantarsu. Saje ya tokare bakin tanti.

"Ba wanda zai tashi daga nan sai ƙarfe biyar," in ji shi.

"Ban gane ba," in ji Farfesa. "Tambayoyi za ka yi mana?"

"Na gama tambaya. Zama za mu yi."

"Zama? Kwandon yana can wani wuri yana bushewa, kai kana zama?"

"Ɗayanku ya san inda yake, ya kuma san lokacin da ya ba shi ruwa. Ni ban sani ba. In ya ga dama ya faɗa."

Ta miƙe tsaye. "Caca kake yi da abin da ba naka ba! Ba nawa ba ne ma, na kowa ne! Ka sake mu, ka sa a bi sawun wanda ya fita."

"Wanda ya san ana bin sa ba zai je ba. Zauna, ranki ya daɗe."

Ta zauna. In da kallo yana kisa, da a ranar an yi jana'izar Sufeto.

Sha biyu saura kwata. Ba ka jin komai sai kugin janareto daga nesa. Mai Cokali yana ta jujjuya cokalinsa, Dakta ya harɗe hannu a ƙirji kamar mai jiran mota.

Sha biyu daidai Sufeto ya sunkuya ya ɓanɓaro wani ɗan baƙin abu daga lakar da ta manne a takalminsa. Silin ciyawa ne, bai kai tsawon ashana ba.

"Baba, wannan irin ciyawar kwandon ce?"

"Irinta ce. Ramin cike yake da ita."

Akwai wata huda a rufin tantin da take sako rana a kan tebur, faɗin tafin hannu. Nan Sufeto ya ajiye silin, kusa da agogo.

Ba wanda ya so ya kalla, kuma ba wanda ya iya daina kallo. Baƙin ya fara komawa toka-toka. Minti goma, gefe guda ya lanƙwashe. Minti ashirin sai ƙas, ya rabe biyu. Sufeto ya taɓa shi da bakin biro, ya zama gari.

Farfesa ta rufe fuska da gyalenta.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Ya duba, oga ne daga ofis. Ba shakka maganar tsare farfesa ta kai can. Ya kife ta a kan tebur, ta yi ta kuka har ta gaji.

Sha biyu da rabi ta yi, ta wuce.

Nan Mai Cokali ya zame daga benci ya durƙusa, hawaye na bin furfurarsa.

"Yallaɓai, rubuta ni ne. Wallahi zan sa hannu. A kai ni ko'ina. Amma wanda ya san inda yake, don girman Allah ya faɗa. Wata baiwar Allah ta zauna ta saƙa abin nan da hannunta, ta zuba abincin 'ya'yanta. Ya jira duk shekarun nan, sai a hannunmu zai mutu?"

"Tashi, Baba. In kai ne, faɗi wurin."

"Ina na sani!"

Gaskiyar magana, a lokacin tsoro ya kama Sufeto, tsoro na gaske. Rigarsa ta manne a bayansa. In fa ya yi kuskure? In ɓarawon ya fi son kansa da kwandon, to shi Sufeto ne ya zaunar da mutane har abin ya mutu, kuma ba rahoton da zai wanke shi a wurin matar nan. Sau biyu ya buɗe baki zai ce a tashi, sau biyu ya haɗiye.

Sai ya lura da wani abu. Farfesa agogo take kallo. Mai Cokali ma agogo. Dakta kuwa tun ɗazu bai dubi agogon ba ko sau ɗaya. Idonsa yana waje, a kan inuwar turken tanti da take ta janyewa a ƙasa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, bai share ba.

Sufeto ya yi magana a hankali, kamar da kansa yake. "Rana ta kusa juyawa. Duk abin da yake inuwa da safe, yanzu zai fito fili."

Dakta ya sauke hannayensa daga ƙirji.

Ɗaya saura minti goma. Saura takwas.

Benci ya yi ƙara. Dakta ya miƙe tsaye.

"Kwantena. Tsohuwar kwantenar masu aikin hanya, bayan gonar masara. Ƙarfe ɗaya inuwar bishiya take tashi daga kanta. Ku ɗauko jarkar, don Allah ku yi sauri!"

"Babana?" in ji Farfesa. Sunan mahaifinta ya ci, haka take kiran sa a gida. "Babana, kai?"

Ba wanda ya tsaya amsa mata. Mai Cokali ya suri jarka kamar ɗan shekara ashirin. Dakta ne a gaba, ya bi ta wata ɓaraka a bayan waya, ya kutsa cikin masara, Saje yana biye da shi taku da taku. Sufeto yana baya yana haki yana tsine wa gwiwarsa.

Da suka isa, rana ta riga ta ci rabin rufin kwantenar. Dakta ya ja ƙofar, wani zafi ya buso kamar an buɗe tanda. Can ciki, a kan bulo huɗu, ga katako, ga dunƙulen laka an naɗe shi da soso da leda, an ɗaure da kyau. Kwalbar feshi tana gefe.

Suka fito da shi su biyu, Dakta da Mai Cokali, a hankali kamar masu ɗaukar majiyyaci, suka ajiye a gindin bishiyar. Dakta ya fara kwance ledar. Dattijon ya ture shi.

"Matsa. Ka yi naka."

Soson saman ya bushe ƙayau. Da aka ɗaga shi, sai ga kwandon. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, hatsin yana nan cike. Amma a gefen da ya fuskanci bangon ƙarfe, bakin ya yi toka-toka, ya tsage tsawon yatsa.

Farfesa ta iso, ta zube a gwiwa cikin ƙura. Ta karɓi kwalbar da Mai Cokali ya cika, ta ɗaga ta nesa, ta fara feshi sama-sama yadda ruwan zai sauka kamar raɓa.

Sufeto ya dubi tsagar nan ya ji nauyinta a ƙirjinsa. Da ya yi maganar inuwa tun sha biyu da rabi, wataƙila da ba ta tsage ba. Ya san zai daɗe yana wannan lissafin.

Ya juya ga Dakta. "Wa za ka sayar wa?"

"Sayarwa?" Har ya ɗan yi dariya mai ɗaci. "Ni in sayar da shi? Gobe na yi niyyar in ce wani ya bugo min waya ya faɗi inda yake. In zo in same shi."

"Don me?"

"Don ma'aikata ta ce Farfesa ta tsufa, abu ya ɓata a hannunta, a ba ni wurin. Shekara goma sha huɗu, Sufeto. Ni ke tono, ni ke awo, ni ke rubutu. Ranar Juma'a 'yan jarida suka zo, ina tsaye a gefenta da laka har wuya, ta ce, 'Na gano.' Sannan ta juyo ta ce in kawo musu kujeru."

"Shi ne ka nemi ka jefa tsohon nan a sel?"

Dakta ya dubi Mai Cokali, ya sauke ido. "Wannan ba ni da abin cewa a kansa."

"Jiya ƙarfe nawa?"

"Biyu da minti goma na shiga ta baya. Awa ɗaya da rabi na yi ina yanka. Ban kawo mota ba don kada a ga sawu, a ka na ɗauko shi. Na dawo da magariba na ba shi ruwa, na sake zuwa da safe." Ya dubi kwandon. "Ban taɓa nufin wani abu ya same shi ba."

"Ga shi ya same shi. Saje."

Saje ya ciro ankwa. Dakta ya miƙa hannu da kansa. Har sun fara tafiya ya tsaya, ya waiwayo.

"Gwaggo."

Farfesa ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, ki yafe min."

"Ƙara soso ta nan gefen," ta ce wa Mai Cokali.

Saje ya ja shi suka shige cikin masara, har aka daina jin takunsu. Sufeto ya ɗan tsaya, hula a hannu, bai san ta inda zai fara sallama ba.

"Zai rayu, ranki ya daɗe?"

"Zai rayu. Tsagar dai ta zauna ke nan."

"Sai ki zo ofis da yamma ki ba da sitatimen, a rubuta bayaninki."

Ta gyaɗa kai. Ya juya zai tafi, ya yi taku uku, sai ya ji ta kira shi. Har yanzu idonta yana kan kwandon, hannunta yana feshi, hawaye na sauka ta gefen hancinta.

"Sufeto. Bai karya ba tun safe, kuma yana da gyambon ciki. In kun isa, a ba shi wani abu ya ci."